Lissafin da Ya Gagara Shi Ke Gadin Sirrin Duniya

A ranar 31 ga Oktoba, 1903, a taron ƙungiyar masana lissafi ta Amurka a birnin New York, aka kira Farfesa Frank Nelson Cole na Jami'ar Columbia ya gabatar da bincikensa. Yadda ake ba da labarin, bai ce uffan ba. Ya ɗauki alli ya nufi allo, ya jera 2 har sau 67 ya ninka su, ya cire 1, ya rubuta abin da ya samu: 147,573,952,589,676,412,927. Ya koma ɗaya gefen allon ya rubuta 193,707,721 sau 761,838,257,287, ya shiga bugawa da hannu, layi bayan layi, jama'a na zaune sun zuba masa ido. Da amsar ta fito daidai da ta farko, ya ajiye alli ya koma mazauninsa, ɗakin ya kaure da tafi. Daga baya ya ce nemo waɗannan lambobi biyu ya cinye masa ranakun Lahadi na shekara uku.

Ninka su bai kai awa guda ba. Nemo su shekara uku. Irin wannan tazarar ce yau take tsare da kuɗin da mutum ya tura ta manhajar banki, da ɗan guntun ƙarfe mai ruwan zinariya da ke jikin katin ATM, da hirar da ake yi ta WhatsApp.

Akwai lambobin da ba sa rabuwa daidai sai da 1 ko da kansu, irin su 2, 3, 5, 7, 11 da 13. Su ne gagara-raba, kuma kowace cikakkiyar lamba da ta wuce 1 ko dai ɗaya ce daga cikinsu, ko kuma haɗa su aka yi ta ninki aka same ta. Tun 1644 wani malamin coci Bafaranshe, Marin Mersenne, ya sa lambar da Cole ya rubuta cikin jerin gagara-raba. A 1876 Édouard Lucas ya nuna cewa ba haka ba ne, tana rabuwa, amma bai iya faɗin lambobin da ke raba ta ba. Wato gane cewa lamba tana rabuwa aiki ne daban, gano abin da ya haɗa ta kuma aiki ne daban, kuma na biyun ya fi wuya nesa ba kusa ba. Masanin tattalin arziki na Ingila William Stanley Jevons ya lura da haka a 1874, har ya kawo lambar 8,616,460,799 yana ganin da wuya wani in ba shi ba ya san lambobi biyun da ya ninka. Su ne 89,681 da 96,079, kuma wayar da ke aljihun ɗan makaranta za ta fito da su kafin ya ɗaga kai. Duk wannan a lokacin wasan ƙwaƙwalwa ne kawai. Har a 1940 babban masanin lissafi na Cambridge, G. H. Hardy, yana alfahari da cewa ilimin lambobi ba shi da wani amfani a fagen yaƙi.

Sana'ar ɓoye saƙo kuwa ta daɗe tana tafiya a hanyarta dabam. Julius Kaisar yakan matsar da kowane harafi gaba da matsayi uku. A Bagadaza ta ƙarni na 9, Al-Kindi ya rubuta risala a kan warware rubutun sirri, inda ya nuna cewa in aka ƙirga yawan fitowar kowane harafi, asirin zai tonu, domin harafin da ya fi yawa a harshe zai fi yawa ko da an sake masa riga. Daga nan har zuwa na'urar Enigma ta Jamusawa, an yi ta ƙara dabara a kan dabara, amma abu ɗaya bai canja ba: mai aikawa da mai karɓa dole su riƙe mabuɗi iri ɗaya, kuma dole wani ya kai wannan mabuɗin da ƙafarsa.

Nan ne raunin yake. A ranar 30 ga Oktoba, 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, a gabashin Bahar Rum, sojojin ruwan Birtaniya suka tilasta wa jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus U-559 fitowa sama. Mutum biyu, Anthony Fasson da Colin Grazier, suka yi iyo suka shiga jirgin yana nitsewa, suna miƙo littattafan sirri ga wani yaro ɗan shekara 16, Tommy Brown. Jirgin ya nitse da su biyun. Littattafan nan su suka taimaka wa masu warware saƙonni a Bletchley Park suka sake karanta hirar jiragen Jamus a watan Disamba, bayan kusan wata goma suna cikin duhu. Bayan yaƙi bankuna da gwamnatoci suka ci gaba da aika amintattun manzanni ɗauke da jakunkunan mabuɗai. Lissafin ma ba ya da daɗi: mutum 1,000 da kowanne ke son yin sirri da kowanne suna buƙatar mabuɗai 499,500. Da kwamfutoci suka fara magana da juna, kowa ya ga cewa wannan hanyar ba za ta ɓulle ba.

Wanda ya fara hango mafita ma'aikacin gwamnati ne da ba a yarda ya yi magana ba. James Ellis yana aiki a hukumar sauraren sirri ta Birtaniya, GCHQ, a garin Cheltenham. Ya ci karo da wani tsohon rahoto na zamanin yaƙi daga Bell Labs, wanda ya kawo shawarar cewa mai karɓar waya shi zai zuba hayaniya a layi, tunda shi ya san irin hayaniyar da ya zuba, shi kaɗai zai iya cire ta. A 1970 Ellis ya rubuta cewa ana iya yin irin wannan da lissafi. Abin ya yi kama da mutum ya rarraba buɗaɗɗun kwaɗuna a kasuwa: duk mai son aiko masa da kaya ya ɗauki ɗaya ya datse akwatinsa, datsewa ba ta buƙatar mabuɗi, buɗewa kuwa sai mai kwaɗon. Amma Ellis bai san da wane lissafi za a ƙera kwaɗon ba. Shekara uku maganar na yawo a ofis. A 1973 aka ɗauki wani saurayi da ya karanta lissafi a Cambridge, Clifford Cocks, aka ba shi labarin a matsayin abin mamaki. Da yamma a masaukinsa ya tuna da gagara-raba, cikin kamar rabin awa ya warware matsalar a ka, domin doka ta hana shi rubuta abin da ya shafi aiki a gida. Abokinsa Malcolm Williamson ya samo wata hanyar ta biyu a 1974. Hukumar ta kulle takardun, kwamfutocin lokacin ma ba su da ƙarfin aikin. Sai a Disamba 1997 aka bari Cocks ya faɗa wa duniya, makonni kaɗan bayan rasuwar Ellis.

Saboda haka sunan da duniya ta sani na wasu ne. Whitfield Diffie ya shafe lokaci yana zagaya Amurka a mota yana neman duk wanda ya san wani abu game da rubutun sirri, har ya haɗu da Martin Hellman na Jami'ar Stanford a 1974. A can Berkeley kuma wani ɗalibi, Ralph Merkle, ya kawo irin wannan tunani a matsayin aikin aji, malaminsa ya ƙi amincewa. A Nuwamba 1976 Diffie da Hellman suka buga takardarsu, suka nuna yadda mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba za su yi magana a bainar jama'a, kowa na ji, su tashi da sirrin da su kaɗai suka sani.

Dabarar tana kan lissafi irin na agogo, inda in an wuce iyaka ake komowa farko. A ce iyakar 17 ce, a fara da 3, a riƙa ninkawa da 3, duk lokacin da aka wuce 17 a raba a riƙe ragowar. Abin da zai fito shi ne 3, 9, 10, 13, 5, 15, 11, 16, 14, 8, 7, 4, haka nan ba tsari ba kan gado. Mutum na farko ya zaɓi 4 a zuciyarsa, ya yi taku huɗu ya sauka a kan 13, ya faɗi 13 da ƙarfi. Na biyu ya zaɓi 7, ya sauka a kan 11, shi ma ya faɗa. Na farko ya ɗauki 11 ɗin abokinsa ya jera ta sau 4 ya ninka, ragowar 4 ce. Na biyu ya ɗauki 13 ya jera ta sau 7 ya ninka, ragowar ita ma 4 ce. Sun sami mabuɗi ɗaya ba tare da an furta shi ba. Mai laɓe ya ji 17 da 3 da 13 da 11, amma sai ya gano taku nawa aka yi kafin a sauka a kan 13. Da 17 zai ƙirga da yatsu. Da lamba mai alƙaluma 600, tafiya gaba ba ta ɗaukar kwamfuta daƙiƙa guda, komowa baya kuwa babu wanda ya san gajeriyar hanyarta.

A jami'ar MIT, mutum uku suka ɗauki takardar suka shiga neman cikakken kwaɗon. Ron Rivest da Adi Shamir suna ƙirƙira, Leonard Adleman yana fasawa, kuma ya fasa musu dabaru 42. A wani dare na Afrilu 1977, bayan sun dawo daga liyafar idin Yahudawa, barci ya ƙaurace wa Rivest, kafin gari ya waye ya rubuta abin da aka sa wa suna RSA, daga haruffan farko na sunayensu. A zaɓi gagara-raba biyu manya, a ninka su, a baza sakamakon ga kowa. Da shi ake datse saƙo. Buɗewa tana buƙatar sanin lambobi biyun na asali, bisa wata ƙa'ida da Leonhard Euler ya kafa tun 1763 a kan aikin Pierre de Fermat na 1640. Abin da Cocks ya gano ke nan shekara huɗu da suka wuce, su kuwa ba su sani ba.

Hukumar tsaron sirri ta Amurka, NSA, ba ta ji daɗi ba. A Yuli 1977 wani ma'aikacinta, Joseph Meyer, ya rubuta wa ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE cewa buga irin wannan bincike na iya karya dokar fitar da makamai. A taron da aka yi a Jami'ar Cornell a watan Oktoba, Hellman ne ya tashi ya karanta takardun ɗalibansa da kansa, don in za a gurfanar da wani, a gurfanar da mai kujerar farfesa. Rikicin ya ja har shekarun 1990, lokacin da aka shafe shekara uku ana binciken Phil Zimmermann saboda manhajarsa ta PGP ta fita ƙasashen waje, aka kuma tilasta wa kamfanoni su sayar wa sauran duniya da mabuɗai raunana da gangan. Ragowar waɗannan raunanan mabuɗai ta ci gaba da zama cikin manhajoji har aka bankaɗo ta a 2015.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Babu wanda ya taɓa kawo hujjar lissafi cewa raba babbar lamba zuwa gagara-rabanta abu ne mai wuya. Abin da ake da shi kawai shi ne cewa manyan ƙwaƙwale, daga Gauss a 1801 zuwa yau, sun gwada ba su sami hanya mai sauƙi ba. Ko tambayar da ke ƙarƙashin duka, wato shin akwai matsalolin da duba amsarsu ke da sauƙi amma nemo ta ke da wuya, har yau ba a amsa ta ba. Cibiyar Clay ta sa mata ladan dala miliyan 1 tun shekarar 2000 kuma kuɗin na nan. Abin da masu sana'ar ke iya tabbatarwa shi ne sharaɗi: in wannan matsala ta gagara, to wannan kwaɗo ba zai fasu ba. Michael Rabin ya yi haka a 1979, ya ƙera tsarin da fasa shi daidai yake da raba lambar. RSA kanta ba ta sami irin wannan shaida ba. Masana sun san da haka sarai, shi ya sa suke kiran abin zato, kuma zato ba ya samun daraja sai da yawan waɗanda suka kai masa hari suka koma hannu rabbana.

Ba a daɗe ba aka ga yadda zato ke rushewa. A 1978 Merkle da Hellman suka fito da tsarin da ake kira na jakar goyo. A ba mutum jerin lambobi da jimilla ɗaya, a ce ya faɗi waɗanne aka tara. In jerin ya kasance kowace lamba ta fi jimillar duk na bayanta, kamar 3, 5, 11, 20, 41, abin wasan yara ne: a ce 64, dole 41 na ciki, saura 23, dole 20 na ciki, saura 3. In kuwa lambobin barkatai ne kuma suna da yawa, matsalar tana cikin mafi wuyar da aka sani. Dabararsu ita ce a ɗauki jeri mai sauƙi a ɓad da kamarsa ya zama kamar na barkatai. Merkle ya sa ladan dala 100 ga wanda ya fasa. A 1982 Shamir ya karɓe kuɗin. A taron masana na wannan shekara a Santa Barbara, Adleman ya fasa wani nau'insa a gaban jama'a da ƙaramar kwamfutar Apple II. Merkle ya ƙara kuɗi zuwa dala 1,000 a kan nau'in da aka ɓad da kamarsa sau da yawa, Ernest Brickell ya cinye a 1984. Matsalar jakar goyo tana nan da wuyarta har gobe. Kuskuren shi ne, wuyar matsala a mafi munin halinta ba ta nufin samfurin da aka ƙera da ƙofar baya shi ma yana da wuya.

RSA kuwa ta sha bugu amma ba ta faɗi ba. A Agusta 1977 Martin Gardner ya buga a mujallar Scientific American wata lamba mai alƙaluma 129 da saƙon da aka datse da ita, da ladan dala 100, da hasashen cewa fasawa za ta ɗauki shekara miliyan 40 sau biliyan ɗaya. Shekara 17 ta ɗauka. Ba saurin kwamfuta kaɗai ya jawo haka ba. Lissafin ne ya ci gaba. Carl Pomerance ya fito da wata dabarar tankaɗe lambobi a 1981, da ita kuma Arjen Lenstra, Derek Atkins, Michael Graff da Paul Leyland suka tara 'yan sa-kai wajen 600 ta intanet, da na'urori kimanin 1,600, har da na'urar fakis biyu. Bayan wata takwas, a Afrilu 1994, saƙon ya buɗe, ashe wata jimla ce ta wasa da ta ambaci wata irin ungulu mai fasa ƙashi. Dabarar da John Pollard ya faro a 1988 ta fi wannan ƙarfi, da ita aka fasa lamba mai alƙaluma 155 a 1999, mai 232 a 2009, mai 250 a Fabrairu 2020, wadda ta ci aikin da ƙwaƙwalwar kwamfuta guda za ta yi shekara kusan 2,700 tana yi. Mabuɗan da ake amfani da su yau suna da alƙaluma 617, kuma wuyar tana ninkuwa ne da kowane ƙarin tsawo, saboda haka tazarar tana da faɗi.

A tsakanin nan wani ɗan Afirka ya sa hannunsa. Taher Elgamal, haifaffen Alƙahira, ya gama digirin farko a Jami'ar Alƙahira ya tafi Stanford ya yi karatu a hannun Hellman. A 1985 ya buga tsarin datse saƙo da sa hannu da ya ginu a kan matsalar ƙirga taku, wanda daga baya gwamnatin Amurka ta ɗora ma'auninta na sa hannun lantarki a kansa. A tsakiyar shekarun 1990 shi ne babban masanin kimiyya a kamfanin Netscape, lokacin da ake gina SSL, kakan ɗan hoton kwaɗon nan da ke fitowa a gefen adireshin shafin banki. A 1985 ɗin dai Neal Koblitz da Victor Miller, kowa a nasa ɓangaren, suka ga cewa ana iya yin wasan takun a kan ɗigogin wani lanƙwasasshen layi da masana lissafi suka daɗe suna nazari. A can dabarun tankaɗe ba sa aiki, saboda haka mabuɗi mai alƙaluma 78 yana ba da tsaron da sai RSA ta haura alƙaluma 900 za ta bayar. Ƙaramin mabuɗi yana nufin batir ba zai ƙare da wuri ba, data ba za ta zube ba. Shi Bitcoin ke amfani da shi, kuma a kansa WhatsApp ya sa wa hirar masu amfani da shi kwaɗo baki ɗaya a Afrilu 2016.

Abin lura shi ne, yawancin ɓarnar da aka gani a zahiri ba daga rushewar lissafin ta zo ba, daga sakacin masu zaɓen lambobi ne. A 2012 ƙungiyoyin bincike biyu suka tattara miliyoyin mabuɗan RSA daga intanet suka tarar dubbai daga cikinsu sun yi tarayya a gagara-raba ɗaya, saboda na'urorin da suka ƙera su ba su iya zaɓe na barkatai ba. Inda aka yi tarayya kuwa, dabarar Euclid mai shekara fiye da 2,000 ta isa ta fasa duka biyun nan take. A 2017 masu bincike na Jami'ar Masaryk a Jamhuriyar Cek suka gano cewa wasu guntayen na'ura na kamfanin Infineon suna bin gajeriyar hanya wajen zaɓen gagara-raba, dole ƙasar Istoniya ta dakatar da aikin katunan shaida wajen 750,000 har sai an sabunta su.

Babbar barazanar ta fito ne daga wani gefe da ba a zata ba. A 1994, shekarar da aka fasa lambar Gardner, Peter Shor na Bell Labs ya nuna a takarda cewa kwamfutar kwantom, wadda ke aiki da halayen ƙwayoyin zarra, za ta iya raba manyan lambobi cikin sauƙi. Abin da ya ci Doma bai bar Awe ba: dabarar tana warware matsalar ƙirga taku, har da ta lanƙwasasshen layi. Dalili kuwa dukkansu suna ɓoye da wani zagaye mai maimaita kansa, irin wanda aka gani a jerin 3 da 17, kuma gano tsawon zagaye shi ne abin da wannan na'ura ta ƙware a kai. Ashe ginshiƙai ukun da ake ganin kowanne tsaye yake da ƙafarsa, tushensu ɗaya. Na'urar da za ta yi aikin ba ta samu ba tukuna. A 2001 IBM ta raba 15 zuwa 3 sau 5, abin ya zama labari a duniya. Amma ƙiyasin abin da ake buƙata yana raguwa: a 2019 Craig Gidney da Martin Ekerå sun ƙiyasta na'ura mai ƙwayoyin lissafi na kwantom miliyan 20 da awa takwas don fasa mabuɗi mai alƙaluma 617, a 2025 Gidney ya sauko da shi ƙasa da miliyan 1 cikin ƙasa da mako guda. Kuma wanda ya kwashi saƙonnin sirri na yau ya adana, ba ya gaggawa. Bayanan asibiti da na diflomasiyya ba sa lalacewa cikin shekara 20.

Dole aka koma neman wasu matsalolin. Wadda ta fi samun karɓuwa ta fito daga wurin ban mamaki. Makamin da ya ƙarasa jakar goyo dabara ce ta 1982 ta 'yan'uwa biyu, Arjen da Hendrik Lenstra, tare da László Lovász, mai nemo gajeriyar hanya a cikin ragar ɗigogi da aka jera a tsari. A raga mai ɓangarori kaɗan dabarar tana ci, a mai ɗaruruwan ɓangarori kuwa tana gajiya. A 1996 Miklós Ajtai na IBM ya tabbatar da abin da jakar goyo ta rasa: akwai matsalar raga da samfurinta na barkatai yake da wuya matuƙar mafi munin halin wata matsalar ragar yana da wuya. A 2005 Oded Regev ya kawo siffar da aka fi aiki da ita. Lissafi ne irin na sakandare, inda ake ba ɗalibi jerin jimloli ya nemo lambobin da aka ɓoye, sai dai an ƙara ɗan kuskure kaɗan a kowace amsa. Ba kuskuren, kwamfuta za ta gama nan da nan. Da shi, duk yunƙurin haɗa jimla da jimla yana kumbura kuskuren har ya haɗiye amsar.

Hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, ta buɗe gasa a 2016, ta karɓi tsare-tsare 69 a ƙarshen 2017, ta baza su ga duniya kowa ya gwada ƙarfinsa. Wasu ba su yi wata guda ba. Waɗanda suka fi tayar da hankali su ne biyu da suka kai kusan ƙarshe. A Fabrairu 2022 Ward Beullens ya fasa Rainbow da kwamfutar cinya cikin awa 53. A ƙarshen Yuli, makonni kaɗan bayan NIST ta wuce da SIKE zagaye na huɗu, Wouter Castryck da Thomas Decru na Jami'ar Leuven a Beljiyam suka fasa shi cikin kimanin awa guda, da tsohuwar kwamfuta ta 2013. Makaminsu wata ƙa'ida ce da Ernst Kani ya buga a 1997, tana zaune a mujallar lissafi shekara 25, masu ƙera tsarin ba su hango alaƙarta da aikinsu ba. Tushen da aka gina SIKE a kansa ya yi shekara fiye da goma a gaban masana kafin wannan rana, abin da ya sa masu cewa a bi sannu suka sami abin kafa hujja. Ragar ma ta ga ta kanta a Afrilu 2024, da Yilei Chen na Jami'ar Tsinghua a Sin ya fitar da takarda mai cewa kwamfutar kwantom za ta iya warware wasu matsalolinta. Masana suka kwana takwas suna bin takardar layi-layi, har Hongxun Wu da Thomas Vidick, kowa da nasa binciken, suka gano kuskure a mataki na tara, marubucin kuma ya amsa.

A ranar 13 ga Agusta, 2024, NIST ta fitar da sababbin ma'aunai uku, biyu a kan raga, ɗaya a kan wani tushe daban. A Maris 2025 ta ƙara wani mai suna HQC, wanda ya fito daga dangin tsarin da Robert McEliece ya kawo tun 1978, aka yi watsi da shi a lokacin saboda girman mabuɗinsa. An ɗauke shi ne don ko ragar ta ba da kunya. Manyan kamfanoni ma ba su saki tsohon gaba ɗaya ba. Signal tun 2023, iMessage na Apple da Chrome na Google tun 2024, suna haɗa lanƙwasasshen layi da raga a mabuɗi ɗaya, ta yadda sai an fasa duka biyun saƙo zai buɗe. Daftarin jadawalin da NIST ta fitar a ƙarshen 2024 ya sa 2030 a matsayin shekarar da za a fara janye RSA mai alƙaluma 617 daga ayyukan gwamnatin Amurka, 2035 kuma a hana RSA da lanƙwasasshen layi kwata-kwata, kuma bankuna da kamfanonin waya na sauran ƙasashe, waɗanda ke sayen na'urori da manhajoji daga masu bin wannan ma'auni, za su tarar da canjin cikin kayan da za su saya nan gaba.